KUƊIN FITO DA TARA: ABIN DA KAN SAMI WANDA BAI BIYA BA

Wanda ya tashi daga garin Bagudo da mota ya nufi iyaka, ba ya daɗewa sai ya haye Kwara a gadar Tuga. A ƙetaren kogi akwai hanyar da ta bi ta Ka'oje zuwa Tsamiya, ta shiga ƙasar Benin wajen Segbana, ta miƙe har Kandi. Akwai kuma wadda ta bi ta Illo da Lolo, ta fita wajen Malanbil. Da yawa cikin masu karatunmu sun san waɗannan hanyoyi kamar tafin hannunsu. Waɗansu direbobi ne, waɗansu yaran mota, waɗansu kuwa masu kai shinkafa ko albasa ko kifi kasuwa.

Ko wanne a cikinsu ya taɓa tsayawa gaban shinge, an miƙo masa hannu, an ce ya biya. A darasin wannan wata muna so mu duba abu guda: idan kuɗin da aka nema na doka ne, mutum kuwa bai biya ba, me za ya same shi? Gama mun lura mutane da yawa suna tsoron mai shinge fiye da yadda su ke tsoron takarda. Mai shinge kuwa ana rabuwa da shi nan take, amma takarda ta kan bi mutum har gida.

FITO BA BAƘO BA NE A ƘASARMU

Tun kafin a ga mota a ƙasar nan, fatake su kan tashi daga Kano da Sakkwato da Jega su tafi Gwanja sayen goro. Illo tana ɗaya daga cikin wuraren da su kan haye Kwara, daga nan su ratsa ƙasar Bargu su nufi Salaga. A ko wane mashigi da ko wane babban gari akwai abin da a ke biya, shi ne kuɗin fito. Madugu shi ke zama da mutanen sarki ya yi ciniki a kan ayari duka, sa'an nan ya raba wa ko wane falke rabonsa gwargwadon jakunansa. Ayarin da ya ƙi biya ba a kai shi gaban alƙali. Sai a hana shi wucewa, ko a kama kaya, ko kuwa a bar shi ya shiga daji ba rakiya, wannan kuwa ya fi duka muni. Masu karatu za su tuna ma Matta a wurin karɓar irin wannan kuɗi ya ke zaune a Kafarnahum, garin da shi ma a bakin iyaka ya ke kamar namu.

A shekara ta 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar Bargu a tsakaninsu. Illo ta faɗa hannun Ingilishi, Nikki kuwa hannun Faransai. Iyakar da mu ke ƙetarewa yau ke nan. Da Gwamna Lugga ya kafa mulki a Arewa, bai kashe fito ba, sai ya mai da shi na Gwamnati. Daga 1903 falke ya kan biya kashi 5 cikin 100 na darajar kayansa a ko wane lardi da ya ratsa, har iyakar kashi 15. 'Yan kasuwa suka yi ta kuka, aka soke shi a 1907.

Da zamanin kwalta ya zo, fito ya komo da sabuwar riga. Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ta 1971 ta ba Ministan Ayyuka iko ya kafa ƙofofin karɓar kuɗin hanya, waɗanda direbobi su ke kira tolget. Aka yi shekaru ana karɓa, har Shugaba Obasanjo ya ba da umurni a ƙarshen 2003 a rushe su. A watan Agusta 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince a komo da su, amma a kan tagwayen hanyoyi kaɗai. A watan Fabrairu 2025 aka soma karɓa a hanyar da ta tashi daga Abuja ta bi Keffi, Akwanga, Lafiya, zuwa Makurɗi: ƙaramar mota naira 500, manyan motocin kaya naira 1,600. Hanyoyinmu na Bagudo ba tagwaye ba ne, domin haka wannan tsari bai taɓa su ba. Mutumin Bagudo ya fi gamuwa da tolget idan ya ƙetare zuwa Benin. A wannan gefe kuwa abin da ya fi gamuwa da shi tara ce.

A nan sai mu bambanta abu biyu da mutane su kan haɗa. Kuɗin hanya ladan bin hanya ne, kamar yadda a ke biyan mai jirgi a bakin kogi. Wanda ya biya shi bai yi laifin kome ba. Tara kuwa horo ce saboda laifi. Inda su ke gamuwa shi ne, wanda ya ƙi biyan na fari ya kan jawo wa kansa ta biyu. Bayan wannan kuma, tara da ba a biya ba ba ta tsayawa yadda ta ke.

YADDA ƘARAMAR TAKARDA TA KAN GIRMA

Bari mu ɗauki misali da takardar Hukumar Kiyaye Haɗurra, watau 'yan Rodsefti, gama ita ce mutanenmu suka fi karɓa. An kafa wannan hukuma a 1988, a shekara ta 2007 kuma aka yi mata doka wadda ta jera laifofi da tarar ko wanne. A cikin jerin nan na 2007, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne, yin waya ana tuƙi naira 4,000, lodi fiye da ƙima naira 10,000, tuƙi ba lasin naira 10,000, tuƙin ganganci kuwa naira 50,000.

A ce wani direba ya taso daga Ka'oje da lodin albasa ya wuce ƙa'ida. Aka tsai da shi, aka rubuta masa takardar sanarwar laifi. Mene ne wannan takarda? Yawancin mutane suna tsammani hukunci ce. Ba hukunci ba ce, gama ma'aikacin da ke bakin hanya ba alƙali ba ne. Abin da takardar ta ke faɗi shi ne: ana zarginka da laifi kaza, in ka yarda, je ka biya kaza cikin kwana 15, magana ta ƙare, in ba ka yarda ba, kana da iko a kai ka kotu ka kāre kanka. Ashe hanya biyu aka buɗe masa, dukansu kuwa na doka ne. Kuɗin kuma a banki a ke biyansa, ya shiga asusun Gwamnati, ba a hannun wanda ya rubuta takardar ba.

Amma direbanmu sai ya bi hanya ta uku wadda ba ta cikin doka. Ya ninke takardar ya tura ta cikin aljihun mota, ya ce Allah ya kai mu. To, tun a ranar an riƙe lasin nasa ko takardun motar a ofis, a matsayin jingina. Daga nan duk tafiyar da ya yi, yana yinta ba takarda, watau ko wace rana yana ɗauke da sabon laifi a kan tsohon. Da kwana 15 suka cika, zaɓin da aka ba shi ya fita daga hannunsa. Yanzu hukuma tana da iko ta kai shi kotu, ko majistare ta gari, ko irin kotun nan ta tafi-da-gidanka da a kan kafa a bakin hanya.

A waɗansu laifofi kuma motar kanta a ke tsarewa. A nan ne abin ya kan yi ciwo. Dokar 2007 ta ce bayan sa'a 24 na fari, mai mota za ya biya naira 200 ko wace rana kuɗin ajiya. Wani za ya yi dariya ya ce, naira 200 ai ba ta sayen ko ƙullin gyaɗa. Gaskiya ne. Ko an yi wata 6 ma, abin bai wuce wajen naira 36,000 ba. Amma ba a nan hasarar ta ke ba. Albasar da ke bayan motar ba ta san doka ba, cikin 'yan kwanaki za ta soma ruɓa. Masu kayan kuwa za su zo ƙofar gidan direba, ba ƙofar ofis ba. Motar da ta kan ciyad da gida biyu ko uku tana tsaye, tayoyinta suna sacewa, batir yana mutuwa. In kuwa da bashi aka saye ta, mai bashi ba ya jiran a sake ta.

Sa'an nan ga matakin ƙarshe, wanda mutane kaɗan suka sani. Idan wata 6 suka cika mai mota bai zo ya fanshe ta ba, dokar ta ba hukumar iko ta je Babbar Kotu ta nemi a mallaka mata motar. In kotu ta yarda, sai a yi gwanjonta a bainar jama'a, kuɗin ya shiga baitulmalin Gwamnati. Ka ga yadda takardar naira 10,000 ta cinye motar miliyoyi. Ba wanda ya yi masa fashi, ko wane mataki a rubuce ya ke, kuma a ko wane mataki da ya zo da an saurare shi.

Idan magana ta kai kotu fa? A nan akwai abin ƙarfafa zuciya, akwai kuma abin tsoro. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda a ke zargi marar laifi ne sai an tabbatar, dole ne kuma a ji ta bakinsa. Ya ce kuma ba za a hukunta kowa ba sai a kan laifin da ke rubuce a cikin doka, da horonsa a rubuce. Saboda haka wanda ya tabbata an zalunce shi, kada ya ji tsoron kotu. Amma da zarar alƙali ya yanke tara, ta zama umurnin kotu. Wanda bai biya ta ba ana iya ɗaure shi a maimakonta. Wanda aka aika masa da sammaci kuma ya ƙi zuwa, alƙali ya kan ba da takardar kamu. Waɗansu daga cikin waɗanda su kan kwana a gidan yari a kan maganar hanya, ba ainihin laifin farko ne ya kai su ba, ƙin amsa kira ne.

Akwai kuma gajeruwar hanya da kowa ya sani, ta "a ga juna". Ba za mu yi kamar ba mu san ana yinta ba. Sai dai mai karatu ya sani, a cikin jerin nan na 2007 neman ba ma'aikacin hukumar toshiya shi ma laifi ne mai tarar naira 10,000. Banda wannan, kuɗin da aka ba da a ɓoye ba ya share kome a littafi. In an riga an rubuta takarda, tana nan da ranta.

A ƘETAREN IYAKA

Benin ba ta rushe ƙofofinta ba kamar yadda Nijeriya ta yi. Akwai su a manyan hanyoyinta, kamar Ekpe a hanyar Kwatano zuwa Seme, da Sirarou a arewacin Parakou, da Liboussou a ƙasar Segbana, wadda ita ce ta fi kusa da mu. A watan Yuli 2018 aka ƙara kuɗin. A Ekpe ƙaramar mota ta tashi daga sefa 150 zuwa 300, watau dala 60 a lissafin kasuwa. Ba a cika samun bashin kuɗin hanya a irin wannan ƙofa ba, domin sanda ba ta ɗagawa sai an biya. Wanda ya ce za ya zaga ta daji ko ya bangaje sandar, ya fita daga hannun mai karɓar kuɗi ke nan, ya shiga hannun 'yan sanda, a ƙasar da ba tasa ba, da harshen da ba ya ji.

Amma ga manyan motoci, abin tsoro a ƙofar Benin ba kuɗin wucewa ba ne, sikeli ne. A irin waɗannan ƙofofi a kan haɗa karɓar kuɗi da awon nauyi. A watan Disamba 2005 ƙasashe 8 masu kuɗin sefa na Afirka ta Yamma suka yi ƙa'ida guda a kan lodi, wadda a ke kira Ƙa'ida ta 14. Ta ce tirela mai layin tayoyi 6 kada ta wuce tan 51, ita da kayanta. Abin da ke rubuce a kan wanda ya wuce shi ne sefa 20,000 a kan ko wane tan na ƙari idan tafiyar cikin ƙasa ce, sefa 60,000 kuwa idan daga wata ƙasa zuwa wata ce. Motar da ta fito daga Tsamiya ta ƙetare iyaka, lissafi na biyu ne nata. In ta yi ƙarin tan 5, jaka 300 ke nan. Ƙa'idar ta ce kuma a tsare motar, a sauke abin da ya yi yawa, mai kaya ne kuwa za ya ɗauki nauyin saukewa da ajiya. Ba a yin kwana 15 a nan. Motar ba ta motsi sai an gama.

Me ya sa aka tsananta haka? Domin lodi shi ke kashe kwalta. Ɓarnar da ƙafar mota ta ke yi wa hanya ba ta tafiya daidai da nauyi. In an ninka nauyin da ke kan layin tayoyi sau 2, masana aikin hanya sun ce ɓarnar ta kan ninku wajen sau 16. Duk wanda ya bi hanyar da tireloli suka huda da damina ya ga shaidar wannan da idonsa.

Wani za ya ce, ai muna cikin ECOWAS, an ce mu yi ta shige da fice. Gaskiya ne yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙasa ɗaya izini ya shiga ɗayar ya yi kwana 90 ba biza. Amma izinin shiga ne ta bayar, ba ta ɗauke wa kowa kuɗin hanya ko tara ba. Motar ma tana bukatar takardunta, har da katin inshora mai ruwan ƙasa wanda aka kafa a Kwatano a 1982. Ya kamata kuma mutumin iyaka ya tuna ƙofa ta kan rufe ba shiri. A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a soma buɗe waɗansu ba sai Disamba 2020, ta Kamba ma sai Afrilu 2022. Wanda ya baro motarsa a tsare a ƙetare ya ce sai ya tara kuɗi, ba shi da tabbacin hanyar komawa za ta jira shi.

SHINGEN DA BA NA DOKA BA

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk wanda ya gicciya itace a hanya a biya shi. Ko kusa. A 1998 aka yi doka a Nijeriya wadda ta jera irin harajin da Tarayya da Jiha da Ƙaramar Hukuma za su karɓa, ta kuma hana kowa, har da masu karɓar haraji kansu, kafa shinge a hanya domin karɓar kuɗi. Horon da ta sa shi ne tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3 ko duka biyu. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kalaba ta ce wannan doka ta saɓa wa Tsarin Mulki, saboda haka ba a jingina da ita kamar dā. Duk da haka sashe na 36 da muka ambata yana nan. Kuɗin da ba wata doka da ta sa shi, ba kotun da za ta hukunta mutum saboda ƙin biyansa.

Yaya talaka za ya gane na doka? Ba lalle sai ya yi karatun lauya ba. Kuɗin doka yana da suna, yana da adadi da ba ya sauyawa bisa ga fuskar mai biya, yana kuma da rasit mai lamba da sunan hukuma. Wanda aka soma da dubu biyar aka sauko ɗari biyar bayan ciniki, aka kuwa ce rasit ya ƙare, mai karatu ya san sunansa. Amma ba mu ba kowa shawara ya yi faɗa a bakin shinge da dare ba. Hukuma ko ƙungiyar direbobi a ke kai wa ƙara da safe, a faɗi wuri da rana da sa'a.

A waɗansu ƙasashe ma an daina sa sanda ɗungum. A mahayin Dartford kusa da London, tun Nuwamba 2014 na'urar ɗaukar hoto ce ta ke karanta lambar mota, mutum ya wuce abinsa, ya biya kafin tsakar daren kashegari. In ya manta, takarda ta same shi a gida: fam 70. In ya biya cikin kwana 14, fam 35 ne. In ya bar ta ta wuce kwana 28, ta zama fam 105. Bayan wannan a rubuta ta bashi a kotu, a aiko masu kama kaya. A Afirka ta Kudu an gwada irin wannan a lardin Gauteng daga Disamba 2013, amma jama'a suka ƙi biya da yawan gaske, har Gwamnati ta kashe na'urorin a watan Afrilu 2024. Wannan ya nuna dokar da jama'a duka suka ƙi ba ta daɗewa. Sai dai abin da dubban mutane suka yi cikin shekara 10, da ƙungiyoyi da lauyoyi, ba shi ne direba ɗaya za ya yi shi kaɗai a Liboussou da lodin albasa ba.

Saura kalma ɗaya ga masu motoci waɗanda ba su ne ke tuƙi ba, har da ekklesiyoyin da su ke da motar zuwa taro. Direba a ke rubuta wa takarda, amma motar da a ke tsarewa taku ce, ku ne kuma za ku rasa ta in an kai ga gwanjo. Sau da yawa yaro ya kan ɓoye takardar domin tsoron faɗan maigida, sai kwana 15 sun wuce maigidan ya ji labari. Ya kamata duk ran da mota ta komo daga tafiya, mai ita ko ma'aji ya nemi ganin lasin da takardun motar da idonsa, ya karɓi rasit na ko wace ƙofa ya ajiye. In aka ce takarda ɗaya tana ofis, ya tambayi ranar da aka karɓe ta, ya soma ƙidayar kwanaki daga ranar.